Lallausa ta Asali

Mutumin ya shigo ofishin 'yan sanda da takalmi ƙafa ɗaya, kuma bai san da haka ba sai da Saje ta nuna masa. Ya dubi ƙafar kamar ta wani ce. Sannan ya ɗora wata leda a kan kantar ofishin, ya ce a zo a kama matar da ta ƙona masa 'ya.

Saje mace ce mai jiki, ta kusa ritaya, ba kasafai abu yake razana ta ba. Amma da ta ga halin da mutumin yake ciki, ko biro ba ta ɗauka ba, ta leƙa ciki ta kira Sufeto.

A cikin ledar akwai kwalabe biyu na man shafawar jarirai, farare masu shuɗin murfi, an rubuta Lallausa a jikinsu. Ɗaya an taɓa, ɗayar ko buɗe ta ba a yi ba. Mutumin direban motar makaranta ne. Ya ce matarsa ce ta sayi man ta intanet, aka kawo mata har gida. Jaririyar ko zama ba ta fara ba. Yau da safe da aka zo cire mata riga, fatar bayanta ta biyo rigar.

Sufeto yana tsoron asibiti. Kowa a ofishin ya sani, amma Saje kaɗai ke iya faɗa. A mota ta miƙa masa alewa, ta ce ya riƙe a baki kada ya kunyata ta a gaban nas-nas. Bai yi dariya ba, amma ya karɓa.

Likitar yara siririya ce mai tabarau. Ba ta bar su sun shiga ɗakin ba, ta gilashin ƙofa suka hango. Abin da Sufeto ya iya gani shi ne ɗan ƙaramin tafin ƙafa a ƙarshen farin bandeji, da wayoyi. Ya kawar da kai.

Likita ta ce ƙunar ba ita ta fi tayar mata da hankali ba. Abin da ke cikin man ya ratsa fata ya shiga jini. Akwai guba iri biyu ko uku masu yin haka, kuma maganin ɗaya yana iya ƙarasa yarinyar idan ɗayar ce. Ta aika man ɗakin gwaji, sai dai sakamakon zai ɗauki kwanaki.

"Tana da kwanakin?" in ji Sufeto.

Likita ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta. "Ba ta da su. Ka samo mini mazubin da aka ɗebo man a ciki, ko wanda ya san sunan abin. Yau nake so."

Uwar jaririyar tana zaune a ƙasa a baranda, ga kujeru nan babu kowa a kai. Da ƙyar ta iya buɗe wayarta. Ta ce wata maƙwabciya ce ta yaba mata man, sai ta rubuta sunan a waya. Shafi biyu suka fito, hotuna iri ɗaya, tambari iri ɗaya. Na farko sunansa Lallausa. Na biyu Lallausa ta Asali.

"Na ji ana cewa jabu ya yi yawa," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Shi ya sa na danna na biyun. Don in kare ta na zaɓa, Yallaɓai."

Saje ta durƙusa ta riƙe ta. Sufeto ya kwafi lambar wanda ya kawo kayan, ya fita da sauri kamar ana kiran sa a waje.

Kafin su isa shagon mai man, labari ya riga su. Mutane sun cika bakin titi, an fasa gilashin taga ɗaya, wani yana dukan ƙofar ƙarfe da dutse. Ganin kakin 'yan sanda ya sa suka ɗan ja baya, amma ba wanda ya tafi.

Mai shagon kowa yana kiran ta Maman 'Yan Biyu. Sun same ta a ɗakin baya, inda take haɗa man, ta tsugunna tsakanin manyan tukwane biyu ta toshe kunnuwa. Ɗakin fes yake, yana ƙamshin man zaitun da kakin zuma. Da ta ga Sufeto sai ta miƙo hannuwa biyu a haɗe, tana jiran ankwa.

Maimakon ankwa, kwalbar da ba a buɗe ba ya saka mata a hannu.

Ta juya ta. Kwalbar irin tata ce, ta ce, a kasuwa kowa zai iya saya. Takardar jiki ma an kwaikwaya sosai. Ta murɗe murfin, sai ta yi baya da fuska. Wani wari ya tashi, irin na ruwan da ake wanke daɓen asibiti. Saman man duk sawun cokali ne, an dandanna shi kamar an yi sauri.

Ta miƙe ta ɗebo nata kwalaben daga kantar kaya, ta dinga buɗewa tana jerawa a gabansa har ya ce ya isa. Kowanne samansa sumul kamar madubi. Da ɗuminsa take zubawa, ta ce, ya daskare da kansa. Cokali bai taɓa shiga kwalbarta ba.

Ana cikin haka Lauya ya shigo ta ƙofar baya. Dogo ne, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya ce shi ne lauyanta, shi ya yi mata rajistar suna da tambari tun farko, kuma daga yanzu ba za ta ƙara cewa uffan ba. Shi ya yi wa Sufeto bayanin rikicin. Wani ne ya sayi adireshin intanet mai kama da nata, wato Lallausa ta Asali, don ya ruɗi masu saye. Sun kai ƙara gaban kwamitin da ke raba gardamar sunayen shafuka, ana jiran hukunci. Mai shafin kuwa ya ɓoye sunansa a bayan wani kamfani na ƙasar waje, gano shi sai an yi watanni ana rubuce-rubuce.

Watanni.

Sufeto ya ce dole ya tafi da ita ofis, ko don mutanen da ke waje. Da ake fitar da ita ta riƙe hannun rigar Lauya, ta ce, "Barista, ba ni da kowa sai kai." Lauya ya ce ta kwantar da hankalinta, yana nan.

A mota Sufeto ya tambaye ta wa ya gina mata shafin. Ta ce ƙaninta ne, wanda ake kira Injiniya.

Shagon Injiniya wani ɗan lungu ne a bene na biyu na kasuwar wayoyi, cike da gawarwakin kwamfutoci. Yana ganin su ya miƙe har ya ture kofin shayi a kan wata waya da aka buɗe cikinta. Tun ba a tambaye shi ba ya fara rantsuwa. Shi ya riga kowa sayen sunan, in ji shi, ranar da Yaya ta ce ya saya a ranar ya saya. Wancan shafin daga baya ya tsiro, shi ma a bakinta ya ji.

Sufeto ya ce ya ji ana iya duba ranar da aka sayi kowane adireshi. Injiniya ya ce intanet ɗin yau ba ƙarfi.

Saje ta duba fuskar kwamfutar, inda wasan ƙwallo yake gudana ba ko tsayawa. "Ɗana," ta ce, "ni ban iya kwamfuta ba, amma na iya ƙarya in na gan ta. Zauna ka duba."

Ya zauna. Yatsunsa suna kuskuren maɓalli. Da ranakun biyu suka fito a jere, ko Saje ta gane: Lallausa ta Asali ta girmi Lallausa.

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya ce gaskiya ya yi sakaci. Yaya ta turo masa saƙo ranar da ta fito daga ofishin Lauya, ta ce ga sunan da ta zaɓa, ya saya maza. Shi kuma ya ce gobe, goben ta zama makonni. Da ya je saye ya tarar an riga an kama na kusa da shi, tsoron faɗanta ya sa ya yi shiru har yau.

Sufeto ya ce ya nemo saƙon. Ya nemo. Ranar saƙon da ranar da aka sayi wancan adireshin ɗaya ce.

A ranar ba a buga takardar jikin kwalba ko ɗaya ba, ba a zuba kwalba ko ɗaya ba. Sunan bai fita duniya ba tukuna.

"Wa ya san sunan a ranar?"

"Ita," in ji Injiniya. "Da ni." Ya haɗiye miyau, don ya ji yadda maganar ta fito. "Da Barista."

Sufeto ya daɗe yana kallon sa. Yaron na iya zama malalaci kawai, yana kuma iya zama wanda ya ci amanar 'yar'uwarsa yana zaune yana kallon ƙwallo. Injiniya ya ga kallon, gumi ya keto masa, sai ya fara zubo duk abin da ya sani ba tsari. A ciki ne ya faɗi wani abu. Ya ce shafin can da farko fanko ne, farar fuska kawai da rubutu cewa na sayarwa ne. Ya daɗe a haka. Sai da Yaya ta kai ƙara, a makon, ya wayi gari ya zama kanti, da hotuna da farashi da komai.

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Likita ce. Ta ce numfashin yarinyar ya fara sauyawa, ta tambaya ko akwai labari. Ya ce yana kan hanya. Bai san hanyar ina ba.

Ɗan aiken da ya kai kayan sun same shi a inuwar wata bishiya inda masu babura ke jiran kira. Ya ce a shagon Maman 'Yan Biyu ya ɗauko, kullum can yake ɗauka, ita da hannunta take ba shi. Ya faɗa da sauri, kamar wanda ya yi ta maimaitawa a ransa tun safe.

Saje ta tambaye shi wane launi ne ƙofar shagon. Ya ce kore. Ta ce ya sake tunani. Ya ce ko shuɗi. Abokansa suka fara janye baburansu a hankali.

Sufeto bai daka masa tsawa ba. Ya zauna kusa da shi a kan benci, ya gaya masa abin da ya gani ta gilashin ƙofar asibiti, tafin ƙafar da bandejin, bai rage ba bai ƙara ba. Muryarsa ta ɗan karye a tsakiya, bai ɓoye ba.

Ɗan aiken ya cire hular kwano ya riƙe ta a cinya. Ya ce shi ma yana da 'ya. Tun da ya ji labari a tasha cikinsa ya ɗuri ruwa, ya ga kowa yana ambaton matar, shi ya sa ya bi su. Gaskiya bai taɓa ganin mai kayan ba. Saƙo ake turo masa, ya je ya tarar da ƙunshi a kan tagar ɗakin maigadi, a wani dogon bene da ke kallon kotu. Ƙunshin kullum a ambulan ruwan ƙasa yake, an ɗaure shi da jan zare mai faɗi, irin wanda ake ɗaure fayil.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana ba shi mamaki. Duk adireshin da aka tura shi, ko dai kango ne, ko shagon da aka rufe, ko gidan da ba su san da zancen ba. Sai saƙo ya zo cewa ya ɗauki hoton ƙofar, ya rubuta an kai, ya mayar da kayan kan taga. Ana biyan sa, shi ya sa bai tambaya ba.

"Mutum ɗaya ce ta taɓa buɗe ƙofa ta karɓa," ya ce. "Har ruwa ta ba ni."

A mota Saje ta ce in dai mutumin da take tunani ne, ba za a kama shi da jan zare ba. Rabin benen lauyoyi ne. Zai nemi takardar izinin bincike, ya nemi wata takardar a kan takardar, kafin a gama yarinya ta tafi. Sufeto ya ce ya sani. Ya ɗauki kwalbar da ba a taɓa ba ya saka a aljihu.

Ofishin Lauya yana hawa na uku na benen nan da ke kallon kotu. Sakatariya ta shigar da su. Bango guda littattafai ne masu rubutun zinare, duk wanda ya saba da littafi zai gane ba a taɓa buɗe su ba, bayansu ko karyewa bai yi ba. Fayiloli kuwa tsibi-tsibi a ƙasa, kowanne da jan zarensa.

Lauya ya tarbe su daga zaune. Ya nuna musu kujeru da hannun hagu. Na dama yana ƙarƙashin tebur.

Sufeto ya ce ya zo neman ilimi ne, shi karatunsa bai yi nisa ba. Abu ɗaya ya ɗaure masa kai. Me zai sa wanda ya kama suna don ya sayar, ya bar shafi fanko tsawon lokaci, sai da aka kai ƙararsa ya buɗe kanti?

Lauya ya gyara zama. Tambayar ta yi masa daɗi, an gani a fuskarsa. Ya ce ai nan ne gwanintar take. A ƙa'idar kwamitin, wanda ya kama suna ya ajiye ba ya komai da shi, ƙwace ake yi a ba mai tambari, ba dogon zance. Amma in ya nuna yana sana'a ta gaske da sunan, yana da kaya, yana da masu saye, yana da shaidar kai kaya gida-gida, to magana ta canja. Sai a ce kowa ya riƙe nasa. Daga nan mai tambari ba shi da mafita sai ya saya a farashin da aka yanka masa.

"Ke nan ba ciniki yake nema ba," in ji Sufeto. "Shaidar ciniki yake nema."

"Ka fahimta da wuri."

"Mutum nawa ne a garin nan suka san wannan ƙa'idar, Barista?"

Lauya ya yi murmushi, amma murmushin ya tsaya a leɓe. Ya ce duk wanda ya yi karatu. Ya duba agogo, ya ce yana da zama.

Sufeto ya miƙe kamar zai tafi, sai ya ciro kwalbar. Ya ce wannan daga kantar Maman 'Yan Biyu ya ɗauko, yana so ya tabbatar wa kansa cewa nata ba ya cutarwa kafin ya sake ta. Ya buɗe murfin a tsakiyar tebur, daidai inda haske yake faɗowa a kan sawun cokalin. Warin ya tashi ya danne turaren ɗakin.

Ya tuna rigar da uban ya kwatanta. Duk da haka ya luma yatsu biyu, ya ɗebo da yawa, ya murza a tafin hannunsa na dama har ya yi naso.

Ya miƙa wa Lauya hannun. "Na gode da karatu."

Lauya bai motsa ba.

"Man jarirai ne, Barista. Na wadda kake karewa."

Sufeto ya zagayo teburin, hannun a miƙe. Lauya ya tura kujerarsa baya, ta yi ta tafiya a kan tayoyinta har ta daki kantar littattafai. Babu sauran wurin ja. Hannun yana matsowa, yana sheƙi. Idon Lauya yana kansa kamar wuƙa aka nuna masa.

"Je ka wanke hannunka," ya ce, da wata ƙaramar murya da ba irin ta ɗazu ba.

"Don me?"

"Ka wanke shi yanzu. Da farko ba a jin komai."

A waje ana jin sakatariya tana buga takarda.

Saje ta zagaya ta kamo hannun Lauya na dama ta ɗora a kan tebur. Yatsu uku a naɗe da filasta. Inda filastar ba ta kai ba, fatar ta saɓule ta bar jan nama.

Bai yi gardama ba. Maganar ta dinga fitowa a hankali, yana kallon yatsun. Ya ce ya daɗe yana yi. Duk wanda ya zo rajistar suna, kafin ya sauka daga bene shi ya riga ya sayi adireshin da ke kusa da nasa. Ba ya taɓa ainihin sunan, don wannan faɗuwa ce a fili. Bayan an kwana biyu sai ya kira mutum ya ce an samu matsala, amma ya san yadda za a lallaɓa mai shafin ya sayar. Kowa yana saye ya yi masa godiya. Ita kaɗai ta ce ba za ta sayi sunanta a hannun ɓarawo ba, a kai ƙara. Sai ya zamana da safe yana rubuta ƙarar, da rana yana rubuta amsarta.

"Ka ci kuɗin mai ƙara, ka ci na wanda ake ƙara," in ji Saje. "Saura alƙalin ne ba ka zama ba."

Ya ce don kada ya faɗi ne ya buɗe kantin. Ya je wurin masu sayar da kayan gyaran jiki da sari, ya ce a ba shi farin mai mafi araha, bokiti guda. A nan ofis ya cika kwalaben da cokalin shayi bayan sakatariya ta tashi. Duk masu sayen shi ne, da sunaye daban-daban. Ya tsawwala farashi don kada kowa ya saya. Da odar matar ta shigo, har murna ya yi, ga mai saye ta gaske da zai nuna wa kwamiti. Washegari yana cika wasu kwalaben man ya taɓa shi, yatsunsa suka fara saɓulewa. Yana da lambarta. Ya ɗauki waya ya ajiye ya fi a ƙirga. In ya kira, ya tona kansa.

"Ina bokitin?" in ji Sufeto.

Nan Lauya ya ɗago. Wani abu na sana'arsa ya dawo idonsa. Ya ce abin da ya faɗa yanzu magana ce kawai, ba lauya a gefensa, ba a rubuce ba, gobe yana iya cewa bai faɗa ba. Amma bokiti shaida ce. In ya nuna, ya gama yawo.

Sufeto ya ji kamar ya shaƙe shi.

"Kai ka fi ni sanin doka," ya ce. "Yanzu yarinyar tana numfashi, laifinka yana da suna ɗaya. In ta daina, sunan zai canja. Ka san sunan na biyu, ka san abin da ake yi wa mai shi. Ni zan samo bokitin ko gobe ne. Ita ce ba ta da goben."

Lauya ya rufe ido. Leɓɓansa suna motsi kamar mai lissafi.

Sannan ya ɗaga hannun mai filasta ya nuna wata ƙaramar ƙofa a bayan fayiloli.

Banɗaki ne. Bokitin yana ƙarƙashin wurin wanke hannu, an lulluɓe shi da baƙar rigar kotu. Cokalin yana ciki har yanzu. A jikinsa akwai takarda da rubutun wani harshe, da dogon suna, da jan zane mai hoton hannu yana narkewa. Sufeto ya ɗauki hoto, na farko ya yi dishi-dishi, ya sake ɗauka ya tura. Ya kira Likita.

Ta ɗauka, ta ce ya bari ta duba hoton. Yana jin ƙarar na'ura a bayanta, da takun mutane. Ya jingina da bango yana jira.

"Na gane shi," ta ce. "Na cire kantar ƙafar manya ne, kuma sai an sirka shi sosai. Wannan tsantsarsa ce."

"Akwai abin yi?"

"Akwai. Da na bi zatona, ɗayan maganin zan ba ta." Ta ja numfashi. "Ina ganin mun same ta. Ban yi maka alkawari ba. Sauka daga layin, ina da aiki."

Da ya fito, Saje ta riga ta saka wa Lauya ankwa. Ya roƙi a bi da shi ta matakalar baya, kada abokan aiki su gani. Saje ta ce gwiwarta ba ta son matakalar baya. Ta tasa shi gaba ta babbar ƙofa, bokitin a ɗaya hannunta, ƙofofin ofisoshi suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya suna rufewa.

Sufeto ya kira ofis ya ce a saki Maman 'Yan Biyu, a raka ta gida, a kuma gaya wa uban yarinyar ya koma wurin matarsa. Ya zauna a kan matakala.

Sai a lokacin ya ji zafin. Ya buɗe tafin hannunsa. Ya yi fari fat a tsakiya, gefen ya yi ja, ƙananan ƙuraje sun fara tasowa a tsakanin yatsu. Ko awa ɗaya man bai yi a jikinsa ba, kuma wannan fatar ƙato ce.